Afolon da Na Kai wa Yaya Dije

Tun da na dawo daga Nijar, 'yan majalisarmu ta bakin tasha a Kazaure ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce, "Dakta, kai da ka ce kwana goma za ka yi, me ya koro ka a kwana uku?" Wancan ya ce, "Dakta, me ya sa idonka na hagu ya koma kamar na mage?" Na ba da labarin guntu-guntu har na gaji, kuma kullum sai in tsallake wurin da ba na son faɗa. Shi ya sa na sayi littafin rubutu na zauna ina zuba shi da manyan baƙaƙe, don har yanzu idon bai gama washewa ba. Duk wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sabo, kuma ban taɓa karatun likita ba. Shekara ashirin da biyu na yi ina yankar kati a wani ƙaramin asibiti a ƙasar Roni. Aikina in rubuta suna da gari, in nuna wa mutum benci. Amma dai sunayen magunguna sun zauna min a baki. Da na yi ritaya na dawo Kazaure sai aka fara ce min Dakta da wasa, ni kuma na karɓa da gaske. Mai ciwon kai, mai kumburin ƙafa, duk ba wanda na taɓa ce wa ban sani ba.

Dalilin tafiyar kuwa Yaya Dije ce. Ita ta goye ni bayan rasuwar mahaifiyarmu a Gwiwa, daga baya aure ya kai ta wani ƙauye a bayan Magarya. Rabona da ita shekara shida, tun da ta zo zaman makokin yayanmu Hamisu. Muna gaisawa a waya duk sallah, kullum ina cewa ina nan tafe. Bana bayan an gama girbi na ga kunyar ta ishe ni, na sa rana.

Saura kwana biyar in tashi idona na hagu ya yi ja. Ba ƙaiƙayi yake ba, ciwo yake daga can ciki, yana tafiya har gefen kai. In na fito rana sai hawaye ya ɓalle kamar an yi min rasuwa. Maiɗakina Rabi ta ce, "Malam, ka je a duba idon nan kafin ka tafi."

Na ce, "Wa zai duba? Afolo ne. Na ga dubunsa."

Na lalubo ragowar maganin ɗigawa da aka yi wa jikokina amfani da shi bara, na sayi wani baƙin tabarau a bakin tasha mai faɗi kamar murfin tukunya, na ce an gama magana. Abin da ban sani ba shi ne, idon ne gaba ɗaya nake wasa da shi, kuma duk kwanan da na ƙara, ciwon yana ƙara cin wuri.

Kun san yadda muke da Afolo a nan: kowa ya yarda in ka haɗa ido da mai shi, ka ɗauka. Ni ma na yarda, har wa'azinsa nake yi. To, ranar tafiya na gano abin yana da amfani. Da na je motar Babura na tarar an cika gaba, mutum biyu sun matsu kusa da direba. Na ɗan sauke tabarau na ce, "Bayin Allah, ku yi haƙuri, Afolo nake fama da shi, ina ne zan zauna?" Kafin in rufe baki sun dire. Ni kaɗai na zauna a gaba, na miƙe ƙafa kamar shugaban ƙaramar hukuma. Direban ya tuƙa mu yana karkata fuska wajen tagarsa, har na fara tsoron kada gudun Afolo ya jefa mu rami.

Mutum ɗaya ce ba ta ji tsorona ba, wata tsohuwar Bafulatana da ke bayana riƙe da ƙwarya. Ta taɓo kafaɗata ta ce, "Malam, in an sauka ka samu nonon saniya mai ɗumi ka ɗiga. Mu da shi muke yi."

Na juya na yi mata bayani mai tsawo a kan illar maganin gargajiya, har da kalmomin Turanci biyu. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "To naka na kwalba kwana nawa kana sa shi?" Na ce biyar. Ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ta koma ta gyara zaman ƙwaryarta.

Tayarmu ta fashe sau biyu, ta biyun kuma babu safaya. Muka zauna a gindin wata bishiya, fasinjoji a gefe guda, ni a gefe guda kamar wanda ya yi laifi. A nan na fara gane kujerar gaba tana da farashi: aka sayi rake aka rarraba, nawa sai jefo min aka yi. Ba mu shiga Babura ba sai dab da magariba, motocin iyaka duk sun tashi.

Na sauka gidan Alhaji Ilu, dillalin hatsi, abokina tun firamare. Ya fito da murna hannu a buɗe, na ce masa Afolo. Hannun ya tsaya a iska. Mutumin kirki ne, bai kore ni ba, amma duk gaisuwar da muka yi rufin zaure yake kallo, kamar mai lissafin azara. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, man shanu na yawo a kai, irin tuwon da mutanen Babura ke yi da hatsin da suka hana kasuwa. Ya turo min kwanon da tsinin yatsa, shi ya ci nasa yana fuskantar bango. Haka muka yi hirar shekara arba'in, ƙeya da ƙeya.

"Dakta," in ji shi, "ba don kai likita ba ne da na ce ka jiƙa sukari ka ɗiga."

Na ce masa Allah ya kiyaye, na fito da kwalbata na ɗiga a gabansa don ya ga yadda ake yi. Da asuba na tashi bayana ya ƙage, sai da na dafa bango. Na ɗora wa tabarmarsa laifi, alhali shekara da shekaru haka nake tashi ko a kan katifata. Idon kuwa ya ƙara hazo, ina ganin Alhaji Ilu kamar ta cikin hayaƙin murhu.

A iyaka, ɓangarenmu, wani jami'i ya karɓi katina ya ce in cire tabarau ya gwada da hoto. Na ce Afolo. Ya kau da kai, ya miƙo min katin da yatsa biyu, ya ce in wuce Allah ya sauwaƙe. Na wuce ina jin daɗi, har ina tunanin wannan ciwo ya fi fasfo. Da muka isa shingen Nijar na sake jefa kalmar tawa. Jandarman, wani dogo siriri, ko gezau.

"Cire," ya ce.

Na cire. Ya matso ya zuba min ido, ido cikin ido, babu ko ƙiftawa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tsoho, wannan jan bai yi min ba. In ka shiga Magarya ka tahi likita."

Su can asibitin ma likita suke ce masa. Ni dai ba wannan ya dame ni ba. Tsoho da ya ce min shi ya tsaya min a rai, na yi ta ƙunƙuni har Magarya. Mutum na uku ke nan da ya nuna min hanya, bayan Rabi da Bafulatana, kuma duk na fi su sani.

Magarya gari ne na Hausawa kamar mu, sai dai komai an ɗan karkata shi. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na iya fasa dasashi. Shayinsu a ɗan kofin gilashi ake ba ka, kurɓi biyu, ɗaci kamar maɗaci, kuma in ka sha na farko ka miƙe sai a ce ina za ka, saura biyu. Mu a Kazaure mai shayi ya ba ka wannan ai sai an raba ku. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne babu wanda ya guje ni. Na ce wa mai shayin Afolo gare ni, ya ce, "Allah ya ba da lahiya," ya ci gaba da fifita gawayinsa. Na ji kamar an sauke ni daga sarauta.

Daga nan sai babur, su kabu-kabu suke cewa. Hanyar ƙauyen yashi ce zalla. Mai babur ɗin, wani magidanci mai furfura a gemu, ya ce in saki jiki kada in yi gardama da babur. Ni kuwa gardama sana'ata ce. Da muka shiga wani kwari ya karkata hagu na karkata dama, sai ga mu a ƙasa. Ba wanda ya ji ciwo sai tabarau, ƙafarsa ɗaya ta karye. 'Yan daƙiƙun da na yi ina lalubensa a cikin yashi, rana na dukan idon, ban taɓa jin azaba irin wannan ba. Mai babur ɗin ya tsinko zare daga buhu ya ɗaure min shi ta bayan kunne. A haka na shiga garin Yaya Dije, Dakta guda, da tabarau ɗaure da zaren buhu.

'Yarta Mariyama ce ta tare ni a ƙofar gida. Ita ke zaune da ita tun rasuwar mijin Yaya. Tun daga zaure na ɗaga murya: "Kowa ya kau da kai, Afolo na kawo muku!" Na hango Yaya a bakin ɗakinta kan tabarma, ta rame, kanta a sunkuye. Kallo ɗaya na yi mata na juya. Na samu wuri na zauna na ba ta baya, ina fuskantar rumbu, don kada in saka wa tsohuwa da ciwo.

"Auta," ta ce, "kai ne?"

"Ni ne, Yaya. Ki yi haƙuri da ƙeyata."

"Ƙeyar ma na gode. Ni na wanke ta tana ƙarama."

Muka gaisa, muka yi kuka kaɗan, ni dama hawaye a kusa yake. Na miƙa mata goro ta bayan kafaɗa, hannuna ya daɗe a iska ba ta karɓa ba, sai da Mariyama ta amsa ta sa mata a tafi. Na ce a raina, ashe ita ma tana tsoron Afolo. Na fito da atamfar da na yi rabin yini ina zaɓa a kasuwar Kazaure, shuɗiya, don na san launinta ke nan. Na ji tana murza ta. Ta ce, "Mai kauri ce. Allah ya yi albarka." Na ɗan ji haushi da ba ta yabi launin ba. Na miƙa waya ta ga hoton jikoki, Mariyama na faɗa mata wannan wane, wannan wance, ita kuma tana cewa masha Allah. Aka kawo dambun zogale da ƙuli, da fura wadda ta fi tamu kauri nesa, na ci ina ba rumbu labarin Kazaure. Yini guda na yi da 'yar'uwata ban dubi fuskarta ba, kuma ina yaba wa kaina da hankali.

Washegari da hantsi na fito daga ɗakin da aka sauke ni, rana ta shigo ta gefen da tabarau ya karkace, na ce wash.

"Auta, zo nan," in ji Yaya. "Kwana nawa idon?"

"Yau bakwai."

"Ɗaya ne ko biyu?"

"Ɗaya."

"Yana kwantsa? In ka tashi da safe yana liƙewa?"

"A'a, hawaye ne kawai."

"Ƙaiƙayi ko ciwo?"

Na ce ciwo, ina murmushi, don abin ya ba ni dariya, yau ga Dakta a kan benci. Ta ce, "Rufe mai ciwon da tafin hannunka. Ka rufe? To ɗaga mai lafiyar ka kalli haske."

Na yi. Wallahi idon da ke rufe a cikin duhu shi ya soke ni, kamar an caka masa tsinke. Na yi ƙara.

Sannan ta ce, "Juyo ka dube ni."

"Yaya, za ki ɗauka."

"Na ce ka juyo."

Muryar da take kirana da ita in na ƙi wanka ce, ba a yi mata musu. Na juyo, na durƙusa a gabanta, na ɗaga tabarau. Idanunta biyu a buɗe suke, amma ba ni suke kallo ba, wani wuri suke kallo a saman kafaɗata. Baƙin ya dushe, tsakiyarsa ya yi fari-fari. Ta ɗago hannu tana lalube har ta samu fuskata, ta shafa goshi, ta shafa gemu, ta ce, "Ka tsufa."

Mariyama na tsaye da tsintsiya tana kuka. Ta ce, "Kawu, shekara uku ke nan. Ita ta hana a hwaɗa maka."

Yaya ta ce, "Afolo yana zuwa da kwantsa, ya kama ido biyu, ya zaga gida, ya tafi. Wannan ba ya zaga gida. Haka nawa ya fara, na dama. Ya yi wata ya lafa, ya dawo, ya lafa, ya dawo. Da ya gama da shi ya koma na hagu. Duk zuwan da zai yi sai ya tafi da wani abu."

A nan ne wurin da nake tsallakewa in ina ba ku labari. Tana cikin magana na tuna zaman makokin Yaya Hamisu a Gwiwa. Rana ta uku ta ja ni gefe, ta ɗaga mayafi ta nuna min idonta na dama jawur, ta ce mata suna cewa kuka ne, amma ita tana jin ba kuka ba ne, ko ta tsaya a kai ta Kano kafin ta koma? Na tuna abin da na ce mata, kalma da kalma. Na ce Afolo ne, na ga dubunsa, kada ta wahalar da kanta. Har kemis na je na sayo mata maganin ɗigawa, ta yi ta sa min albarka.

Na ce, "Yaya, ni ne na ce miki..."

Ta sa tafin hannu ta rufe min baki. "Shi ya sa na hana a faɗa maka. Na san halinka, sai ka ɗauka ka ɗora a kai. Abin da Allah ya rubuta ne. Amma naka bai rubuta ba tukuna. Mariyama, ɗauko masa jakarsa."

Na ce kwana goma na zo yi, ko uku ta bari in cika. Ta ce ko azahar ba zan yi a gidanta ba. "Shekara shida ina jiranka, zan iya ƙara wata biyu. Ka tafi da idonka, ka dawo min da shi. A gidanmu ya kamata a ce akwai mai gani ko ɗaya." Haka ta kore ni, ta sa aka ƙulla min dambu a leda. Ban yi gardama da babur ba a komowa.

Ban tsaya Kazaure ba sai don in ɗauki Rabi, wadda ta yi min alheri ba ta ce ai na faɗa maka ba sai sau biyu. Washegari muna wani asibitin ido a Kano. Na yanki kati, wani ya nuna min benci. Likitar mace ce, ba ta kai 'yata ta fari ba. Ta sa na ɗora haɓa a kan wata na'ura, ta haska siririn haske a idon. Ta ce kumburi ne a cikin gaban ido, a jikin baƙin nan da ke buɗewa yana tsukewa, har ya fara mannewa da abin da ke bayansa. Ta ce ba a ɗaukarsa, ko da kallo ko da taɓawa, kuma shi Afolon ma ta hannu yake yawo ba ta kallo ba. Na tuna ƙeyar Alhaji Ilu da raken da aka jefo min.

Ta tambaya ko bayana na ƙagewa da safe. Na ce tabarma ce. Rabi ta ce shekara goma sha. Likitar ta ce sau da yawa tare suke tafiya, kuma yakan bi dangi. Ta ɗiga min wani magani da ke buɗe baƙin ido don ya saki inda ya kama, shi ne idon magen da kuke tambaya. Ta ba ni wani na ɗigawa kowace awa, ta ce ita za ta riƙa rage shi a hankali, kada in kuskura in tsayar da kaina don na ji sauƙi. Ta ce da na ƙara mako biyu da labarin ya canja, kuma yana iya dawowa, ranar da ya dawo a ranar take son ganina.

Tana rubutu ta ce, "Baba, wa ya ce maka Afolo ne?"

Na ce, "Wani dakta ne a Kazaure."

"Ka daina zuwa wurinsa."

Na ce na daina. Sannan na ba ta labarin Yaya Dije, na tambaya ko akwai abin da za a iya yi. Ba ta yi min alkawari ba. Ta ce shekarun sun yi yawa, amma in kawo ta a duba, in har ido ɗaya yana bambance rana da dare. Na kira Mariyama a nan take, ta ce na hagun yana sanin an buɗe ƙofa. Mun sa rana, bayan an gama rage min magani ni zan je in taho da ita.

Likitar ta ajiye biro ta ce, "Ita kuma da ya fara mata, ba wanda ya duba ta?"

Na ce, "An duba ta."

"Wa?"

Rabi ta sunkuyar da kai. Na ce, "Shi ne dai wannan daktan."

Ta girgiza kai ta ce, "Irin waɗannan mutane ba su san abin da suke jawo wa bayin Allah ba."

Na ce mata wannan dai yanzu ya sani.

To, 'yan majalisa, ga labarin Nijar, har da wurin da nake tsallakewa. Kwanan nan wasunku na cewa ciwon ya taɓa min kunne, don ana kira Dakta ba na juyowa. Kunnena lafiya lau. Ku kira Sabo ku gani.